Mazhabobin Adabin Ingilishi da Jayayyar da Ta Haife Su

Adabin Ingilishi, a ma'anar da ake nufi a wannan darasi, shi ne waƙoƙi da wasannin kwaikwayo da ƙagaggun labaran da mutanen tsibiran Biritaniya da Ailan suka rubuta da harshen Ingilishi tun fiye da shekara dubu da suka wuce har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kuma manazarta sun saba karkasa shi zuwa zamuna da mazhabobi domin sauƙin koyarwa. Mazhabar adabi kuwa ita ce tafarkin da marubutan wani lokaci suka yi tarayya a kansa wajen zaɓen jigo da salo, ko da kuwa ba su taɓa zama wuri ɗaya sun ƙulla wata yarjejeniya ba. Yawancin sunayen mazhabobin nan 'yan baya ne suka raɗa su bayan masu abin sun kwanta dama, saboda haka ɗalibin da ya haddace sunaye da shekaru kaɗai bai riƙi abin kirki ba tukuna. Abin da zai amfane shi shi ne ya lura cewa kowace mazhaba ta taso ne tana jayayya da wadda ta gabace ta a kan tambayoyi biyu, wato wane irin harshe ya cancanci a yi adabi da shi, kuma rayuwar wane irin mutum ta isa a rubuta.

Kafin Ingilishi ya sami gindin zama

Waƙar jarunta mai suna Beowulf, wadda ɗangoginta sun haura 3,000 kuma ta tsira a kwafi ɗaya tak da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 1000, ita ce mafi shahara daga tsohon Ingilishi, harshen da mutumin Landan na yau ba zai fahimta ba sai an fassara masa. Ba a gina ta a kan amsa-amo ba, karangiya ce ke ɗaure ɗangoginta, wato maimaita sauti ɗaya a farkon kalmomi. A shekara ta 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, sai Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latin ya ci gaba da riƙe coci da makaranta, aka bar wa manoma da barori Ingilishi.

A wannan hali ne Geoffrey Chaucer, wanda ya yi aikin kwastan a tashar jiragen ruwan Landan kuma ya rasu a 1400, ya zaɓi ya yi rubutu da Ingilishin da ake ji a titi duk da cewa ya iya Faransanci da Italiyanci. Littafinsa The Canterbury Tales ya tara masu ziyara kusan 30 da suka ɗauki hanya zuwa kabarin Thomas Becket, kowa yana ba da labari don a rage nisa, kuma cikinsu akwai barde da mai niƙa da mai sayar da takardun gafara na bogi da wata mata da ta yi aure biyar ba ta kuma ga aibin na shida ba. Gwanintar Chaucer ita ce ya bar kowa ya yi magana da bakinsa, barde da ladabinsa, mai niƙa da batsarsa. Lokacin da William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, wannan littafi yana cikin na farkon da ya buga, abin da ya taimaka wajen ɗaukaka karin harshen Landan a kan sauran.

Zamanin farfaɗowa

Renesans, wato farfaɗowar ilimin Girkawa da Rumawan da, ya faro ne a Italiya, bai kuma kankama a Ingila ba sai zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, wadda ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603. Ra'ayin da ke ƙarƙashinsa shi ne ɗan Adam, da hankalinsa da burinsa da rauninsa, abin nazari ne a karan kansa, kuma a Ingila wasan kwaikwayo ne ya fi ɗaukar wannan ra'ayi. William Shakespeare, wanda aka haifa a 1564 ya rasu a 1616, ya rubuta wasanninsa ne domin dandali irin na Globe da aka gina a 1599, gini marar rufi a tsakiya wanda ake wasa a cikinsa da rana tsaka, talakawa suna tsaye a gaban dandamali bayan sun biya kwabo ɗaya na kuɗin ƙasar, masu hali suna zaune a benaye, yara maza kuma su ke fitowa a matsayin mata domin mace ba ta hawa dandamali a lokacin. Marubucin da ke son riƙe waɗannan mutane duka a wuni ɗaya dole ne ya iya harshe fiye da ɗaya.

Nan ne ɗalibi ya kamata ya tsaya ya duba da kyau. Karin waƙar Ingilishi ya dogara ne ga ƙarfin furuci, wato gaɓar da ake dannawa a cikin kalma, saɓanin rubutacciyar waƙar Hausa da ke auna nauyin gaɓa da sauƙinta, kuma karin da Shakespeare ya fi amfani da shi shi ne ɗango mai gaɓa goma wanda ake jera marar ƙarfi da mai ƙarfi bi da bi har sau biyar ba tare da amsa-amo ba. Galibi sarakuna da manya da wannan kari suke magana, barori da wawayen fada kuwa da zube, kamar mai haƙa kabari a Hamlet da mai gadin ƙofa a Macbeth. To amma a wasan Macbeth ɗin, matar da ta zuga mijinta ya kashe sarki tana magana da tsararriyar waƙa tun daga farko, sai a fitowarta ta ƙarshe, inda take yawo cikin barci tana ta goge hannu don ta wanke jinin da ita kaɗai ke gani, maganarta ta warware ta koma zube. Rushewar karin ita ce ke nuna rushewar hankalinta, kuma mai karatun da bai san bambancin waƙa da zube ba zai wuce wurin bai ga komai ba. Shekara bakwai bayan rasuwar Shakespeare, a 1623, abokan aikinsa biyu suka tattara wasanni 36 suka buga, rabinsu ba a taɓa buga su ba kafin nan, cikinsu har da Macbeth da Twelfth Night, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da shi Hausa da sunan Daren Sha Biyu.

Yaƙin basasa ya sa majalisar dokoki ta rufe gidajen wasa a 1642, aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, ba a sake buɗe dandali ba sai da sarauta ta dawo a 1660. John Milton, wanda ya yi wa gwamnatin masu adawa da sarki aiki, ya makance kafin ya shirya Paradise Lost, don haka shibtarta ya yi wasu suna rubutawa, aka buga ta a 1667. Waƙa ce a kan fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna bisa ruwayar Littafi Mai Tsarki na Kirista, kuma ya ba Shaiɗan hujjoji masu kaifi har wasu mawaƙan baya, irin su Blake da Shelley, suka ga kamar shi ne tauraron waƙar.

Zamanin hankali da tsari

Mutanen da suka ga abin da zafin aƙida ya jawo wa ƙasarsu sun koma suna girmama natsuwa da daidaito, kuma daga nan ne mazhabar sabuwar gargajiya ta fito, wato koyi da ƙa'idojin marubutan Rum na da. A wurinsu mawaƙi masassaƙi ne da ke goge gaskiyar da kowa ya sani har ta yi sheƙi, kuma kayan aikinsa shi ne baiti mai ƙwar biyu wanda ɗangoginsa biyu suke amsa juna, ma'ana ta cika a cikinsu. Alexander Pope ne gwanin wannan tsari. Zambo da gatse su ne makaman zamanin, kuma ba wanda ya kai Jonathan Swift kaifi, shi da ya rubuta Gulliver's Travels a 1726, sannan a 1729 ya fitar da wata ƙasida yana ba da shawara, cikin natsuwar masanin tattalin arziki da lissafinsa, cewa talakawan Ailan su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu a matsayin abinci. Gatse shi ne faɗin abu ana nufin kishiyarsa, kuma nufin Swift shi ne masu gonakin Ailan sun riga sun cinye iyayen.

Abin da ya fi wannan duka tasiri daga baya shi ne wani nau'i da malaman lokacin suka raina, wato ƙagaggen labari na zube, wanda ya sami kasuwa a wurin 'yan tireda da mata da masu hidimar gida da suka iya karatu. Robinson Crusoe na Daniel Defoe, 1719, labarin ɗan kasuwa ne da ya shekara 28 a tsibiri yana ƙirga kayansa yana lissafin amfanin gonarsa, kuma yana da kyau a tuna cewa sayen bayi ya fita yi zuwa gaɓar Afirka, jirginsa ya nutse a hanya. Pamela na Samuel Richardson, 1740, wasiƙun wata 'yar aikin gida ce da ke kare mutuncinta daga ubangidanta. Sarakuna da jarumai sun fara matsawa gefe ke nan.

Mazhabar shauƙi

Romantisizim, wanda za a iya kira mazhabar shauƙi, ba a soyayyar saurayi da budurwa ya taƙaita ba, ya ƙunshi fifita zuciya da tunanin mutum ɗaya da daji da duwatsu a kan ƙa'ida da birni da fada. Abubuwa biyu ne suka hura wutarsa, juyin juya halin Faransa na 1789 wanda ya nuna cewa talaka na iya tumɓuke sarki, da masana'antun da suka fara kwashe mutanen karkara zuwa garuruwa masu hayaƙi. An saba ɗaukar 1798 a matsayin mafarinsa, shekarar da William Wordsworth da Samuel Taylor Coleridge suka fitar da Lyrical Ballads, kuma a gabatarwar da Wordsworth ya ƙara wa bugun 1800 ya yi iƙirarin cewa waƙa ta gari da harshen da mutane suke magana da shi a zahiri ake yin ta, kuma makiyayi da almajirin hanya da gwauruwa sun isa jigo. Masu sharhin mujallu sun yi masa ba'a a kan haka, mawaƙi Byron ma, wanda yanzu ake jera su a mazhaba ɗaya, bai bar shi ya huta ba, kuma shi Byron ɗin Pope yake ɗauka gwaninsa.

William Blake, mai sana'ar zane a kan tagulla wanda da hannunsa yake buga littattafansa, ya riga su duka. A kundinsa na 1789 akwai waƙar wani yaro mai share bututun hayaƙi, sana'ar da ake sa ƙananan yara saboda su kaɗai ke iya kutsawa cikin bututun. Yaron da kansa yake ba da labari, uwarsa ta rasu, ubansa ya sayar da shi tun bakinsa bai gama buɗewa ba, kuma yana lallashin wani ɗan uwansa da ke kuka don an aske masa kai. Ɗan uwan ya yi mafarkin mala'ika ya buɗe baƙaƙen akwatunan gawa ya saki yaran suna wasa a rana, da asuba suka tashi cikin sanyi suka ɗauki buhunansu suka tafi aiki da murna. Babu inda Blake ya sa baki, amma mai karatu yana ganin abin da yaron bai gani ba, wato an koya masa haƙurin da ke amfanar masu cutarsa. A kundin 1794 ya sake waƙa mai wannan take, a can kuwa yaron ya waye, yana tsaye cikin ƙanƙara yana tuhumar iyayensa da suka tafi coci. Karanta waƙoƙin biyu a jere ya fi haddace kowane irin bayani a kan mazhabar amfani.

Sahu na biyu na mawaƙan mazhabar bai yi tsawon rai ba. John Keats ya rasu da tarin fuka a birnin Rum a 1821 yana da shekara 25, Percy Shelley ya nutse a tekun Italiya a 1822, Byron ya mutu a Girka a 1824 inda ya je taya Girkawa yaƙin neman 'yanci. Mary Shelley kuma ta fitar da Frankenstein a 1818, labarin masanin da ya haɗa wata halitta ya kuma gudu ya bar ta. A tsakiyar wannan guguwa Jane Austen tana zaune a ƙauye tana rubuta Pride and Prejudice, wanda ya fito a 1813, game da 'yan mata biyar da gidan ubansu zai koma hannun wani ɗan uwa namiji idan ya rasu, don haka aure ne kaɗai madogararsu. Shekarunta na mazhabar shauƙi ne, amma natsuwarta da gatsenta na ƙarnin da ya gabata ne, kuma duk jadawalin da ya tilasta mata shiga layi ɗaya da Byron ya ɓatar da ɗalibi.

Zamanin Biktoriya da mazhabar zahiri

Sarauniya Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin jirgin ƙasa da masaƙu da daular da ta mamaye sassan duniya, kuma a nan ne ƙagaggen labari ya zama sarkin adabi. Mazhabar zahiri ita ce ƙoƙarin nuna rayuwar yau da kullum yadda take, da kuɗin haya da bashi da gado da kotu, galibi ta bakin mai ba da labari masanin komai, wato muryar da ke shiga zuciyar kowane tauraro tana kuma yanke hukunci a kan halinsa. Yadda ake sayar da labaran ya shafi yadda ake rubuta su, domin yawancin na Charles Dickens kashi-kashi suka fito, wata-wata ko mako-mako, kamar yadda littattafan hikaya na kasuwar Kano suke fitowa na ɗaya da na biyu da na uku, don haka kowane kashi yakan tsaya ne inda ran mai karatu zai biya ya sayi na gaba. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin tsawon littattafan da yawan taurarinsu ba.

Dickens ya san talauci da idonsa, domin yana da shekara 12 aka ɗaure ubansa saboda bashi aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi. Dokar matalauta ta 1834 ta tanadi cewa mai neman taimako ya shiga gidan aiki, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya ana kuma ƙuntata abinci da gangan don kada wurin ya yi wa kowa daɗi. A Oliver Twist yaran irin wannan gida sun yi ƙuri'a a kan wanda zai je ya roƙi ƙarin kunu, ta faɗa kan Oliver, ya miƙa kwanonsa, mai rabo ya kai masa duka da ludayi, hukumar gidan kuma ta liƙa sanarwa cewa za ta ba da fam biyar ga duk wanda zai raba ta da shi. Dickens yana da rauninsa, mutanen kirkinsa sukan fi ƙarfin gaskiya kuma yakan matsa wa mai karatu ya yi kuka, amma ba marubucin da ya kai shi sa masu hali su kalli abin da ke bayan gidajensu.

Mata sun ciri tuta a wannan zamani, ko da yake da yawansu a ɓoye suka shigo. Charlotte da Emily Brontë sun fitar da Jane Eyre da Wuthering Heights a 1847 da sunayen aro, Mary Ann Evans kuma ta rubuta Middlemarch da sunan George Eliot, littafin da manazarta da dama suke ɗauka ƙololuwar mazhabar zahiri. Littafin Charles Darwin na 1859 a kan asalin halittu ya girgiza imanin masu ilimi da yawa, kuma ana jin wannan girgiza a labaran Thomas Hardy, waɗanda talakan ƙauye ke shan wuya a cikinsu ba tare da wani sakamako ya zo ya share masa hawaye ba. Sukar da aka yi wa Jude the Obscure a 1895 ta yi tsanani, Hardy bai kuma sake rubuta ƙagaggen labari ba, ya koma waƙa.

Zamananci

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kashe amincewar da mutanen Biktoriya suke da ita cewa duniya gaba take ci. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, ranar farko ta gumurzun Somme, sojojin Biritaniya fiye da 19,000 suka mutu, mawaƙi Wilfred Owen kuma, wanda ya siffanta mutuwar soja da iskar guba ba tare da ado ba, an kashe shi mako ɗaya kafin a tsagaita wuta a 1918. Marubutan zamananci sun ga cewa muryar masanin komai ba ta da sauran hurumi, sai suka koma cikin kan mutum ɗaya ta hanyar kwararar tunani, wato bin tunani yadda yake zuwa, yana tsalle daga abin da ido ya gani zuwa abin da ya faru shekara talatin baya. A 1922 James Joyce ya fitar da Ulysses a birnin Faris, labarin yini ɗaya a Dublin, T. S. Eliot kuma ya fitar da The Waste Land, waƙar da aka harhaɗa da gutsattsarin muryoyi da harsuna. Mrs Dalloway na Virginia Woolf, 1925, ya fi sauƙin farawa, yini ɗaya ne a Landan, wata matar ɗan majalisa tana shirin liyafa, wani tsohon soja da yaƙi ya taɓa wa hankali yana yawo a titunan da take bi, ba su taɓa haɗuwa ba, bugun agogon Big Ben ne ke haɗa su, har labarin cewa sojan ya faɗo daga taga ya mutu ya iske ta a tsakiyar liyafarta. Wahalar waɗannan littattafai da gangan ce, kuma akwai gaskiya a ƙorafin masu cewa sun nisanta adabi daga talakan da Dickens ya jawo.

Abin lura ne cewa Joyce da mawaƙi W. B. Yeats 'yan Ailan ne, Eliot haifaffen Amurka ne, Joseph Conrad kuwa ɗan Polan ne da ya koyi Ingilishi da girmansa, wato harshen ya riga ya fara kuɓuce wa masu shi. Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulki a Borgu a zamanin Turawa, ya fitar da Mister Johnson a 1939, labarin wani akawu baƙar fata a arewacin Nijeriya da aka nuna shi mai fara'a marar zurfin tunani. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, bai ga mutanen da ya sani a ciki ba, kuma hakan na cikin abin da ya tunzura shi ya rubuta Things Fall Apart a 1958, wanda ya aro takensa daga wata waƙar Yeats. A 1975 ya gabatar da lacca a Amurka yana tuhumar Heart of Darkness na Conrad da mayar da 'yan Afirka inuwoyi marasa baki a labarin da ya faru a ƙasarsu. Wasu manazarta sun kare Conrad da cewa littafin tonon asirin zaluncin Turawa ne a Kwango kuma bai kamata a ɗora wa marubuci maganar mai ba da labarinsa ba, wasu sun bi Achebe, kuma a wasu bugun da ake yi wa ɗaliban jami'a ana haɗa laccar da littafin a bango ɗaya.